Idan na goge laftof ɗin da makaranta ta ba 'yata, takunkumin zai tashi?

Tambaya: Makarantar su 'yata ta raba wa ɗalibai laftof, yanzu ta kammala kuma kwamfutar tana gida. Ba ta yarda a saka mata sabuwar manhaja, shafuka da yawa a toshe suke, ga nauyi kamar me. Wani ya ce in yi mata fomatin ta koma yadda ta fito daga kamfani, komai zai warware. Yaya ake yi, kuma hakan zai cire hannun makarantar daga kanta?

Amsa: Malam, gogewar kanta ba ta da wuya. A yawancin kwamfutocin yau aikin 'yan mintoci ne zuwa awa ɗaya ko biyu. Abin da kake fata ya biyo bayanta ne, wato makaranta ta saki na'urar, da wuya ya samu ta wannan hanya. Idan an yi wa kwamfutar rajista yadda makarantu suka saba yi, za ka goge komai tas, ka kunna, ka haɗa ta da intanet, sai sunan makarantar ya sake bayyana a fuskarta kamar ba a taɓa komai ba. Hotunan yarinyar da rubuce-rubucenta sun tafi, takunkumin kuwa yana nan daram. Saboda haka kafin ka danna komai, ka san inda kullen yake zaune.

Yawancin mutane sun ɗauka duk abin da ya ɗaure kwamfuta yana cikin faifan ajiyarta, in an share faifan shi ke nan. A da haka abin yake. Yanzu tsarin ya canza. Idan makaranta ta sayi na'urori, ana shigar da lambar siriyal ɗin kowacce, tare da wasu alamomi na kayan cikinta, a rumbun bayanai na intanet na kamfanin da ya yi manhajar da ke tafiyar da ita: Google idan Chromebook ce, Microsoft idan Windows ce, Apple idan MacBook ce. A can aka rubuta cewa na'ura mai lamba kaza ta makaranta kaza ce. Duk ranar da aka goge ta aka kunna, da zarar ta samu intanet sai ta tambayi rumbun, ni ta wa ce? Amsa na dawowa, sai ta sake sauko da dokokin makarantar da kanta, da toshe shafukan, da hana saka manhaja, duka. Kamar mutum ne ya kwashe kayan gida ya share ya sake fenti, alhali takardar mallakar gidan tana ofis da sunan mai shi. Wannan ne dalilin da ya sa ko faifan ka cire ka saka sabo fil, abin ba ya canzawa. A Chromebook da yawa ma ba a iya cire ma'ajiyar, manne take da babban allon ciki.

Akwai bambanci guda da ya kamata ka tantance tun yanzu, domin wani lokaci shi kaɗai yake raba gardama. Takunkumi yana iya zama a kan na'urar, yana iya zama a kan asusun ɗalibi kawai. Idan a asusu yake, to duk kwamfutar da yarinyar ta shiga da imel ɗin makaranta za ta ga an toshe mata wasu abubuwa, ko da kwamfutarka ce ta gida, kuma da an fita daga asusun komai zai sake. Wannan ba ya bukatar fomatin ko kaɗan. Dubawar ba wuya. A Chromebook, kalli ƙasan fuskar da ake shigar da kalmar sirri. Idan na'urar ce a ɗaure, za ka ga rubutu cewa makaranta kaza ce ke kula da ita. In ka buɗe burauza ka rubuta chrome://management a gurbin adireshi, nan ma za ta faɗa maka. A Windows, shiga saituna, sashen asusu, wurin da aka rubuta "Access work or school", ka ga da wa aka haɗa ta. A MacBook kuwa ana ganin bayanin a saitunan tsarin, ƙarƙashin "Device Management", ko "Profiles" a tsofaffin zubi. Tunda ka ce makarantar ce ta raba, na fi kyautata zaton na'urar ce a ɗaure, amma duba tukuna.

Ba ka faɗi irin kwamfutar ba, don haka bari in bi su.

Chromebook ta fi sauƙin gogewa. Google suna kiran aikin Powerwash. Ka fita daga asusu har ka dawo fuskar shiga, ka danne Ctrl da Alt da Shift da R tare, ka yarda ta sake kunnuwa, sannan ka tabbatar. Cikin ƙanƙanin lokaci ta gama. Abin da take sharewa shi ne duk asusun da ke kan na'urar, da fayilolin da ke foldar saukarwa, da bayanan manhajojin Android da aka saka. Abin da ke Google Drive ba ta taɓa shi, domin ba a cikin kwamfutar yake ba. To amma a na'urar makaranta abu biyu ne ke faruwa. Ko dai mai kula da kwamfutocin makarantar ya hana Powerwash ɗin gaba ɗaya, ka yi ta danna maɓallan ba abin da zai motsa. Ko kuma ta goge lafiya, ta yi maka maraba, ta nemi ka zaɓi Wi-Fi, kana haɗawa sai ka ga wata 'yar da'ira tana juyawa da rubutun "Enterprise enrollment" a sama. Bayan 'yan daƙiƙoƙi ta ce an yi nasara, ta miƙo maka gurbin imel wanda ƙarshensa sunan makarantar ne, kuma ta ƙi karɓar Gmail ɗinka. Wannan tilasta komawa rajista a kunne yake tun asali a shafin masu kula, sai wanda ya kashe shi da gangan. Hanyar farfaɗowa ma, wadda ake danne Esc da maɓallin sabuntawa da na kunnawa a sake ɗora ChromeOS daga filas mai aƙalla gigabait 8, a nan take ƙarewa. Manhaja ce take sabuntawa, rajista kuwa ba ruwanta da ita.

Windows ta fi rikitarwa, kuma a nan aka fi yin asara. A Windows 11 hanyar tana cikin saituna, sashen tsarin, sannan farfaɗowa, inda za ka ga "Reset this PC". Za ta ba ka zaɓi: a bar fayilolinka a cire manhajoji da saituna, ko a share komai. Sannan ta tambaya ko ta sake gina kanta daga abin da ke cikin faifan, ko ta sauko da sabuwa daga intanet, wanda zai ci data sama da gigabait 4. Cikas na farko, sai mai ikon admin ne yake iya fara wannan daga cikin Windows, asusun ɗalibi kuwa da wuya a ba shi wannan iko. Sai mutum ya ji an ce a danne Shift a sake kunnawa a bi ta bayan gida. A nan ne ake yawan karo da BitLocker.

BitLocker kulle ne da ke rikita duk abin da ke faifan, ta yadda ko an sace kwamfutar ba a iya karanta komai. Mabuɗinsa yana ajiye a wani ɗan guntu mai suna TPM a cikin na'urar, shi ya sa kullum take buɗewa ba tare da ka san da shi ba. Amma da an taɓa saitunan BIOS, wato ƙaramar manhajar da ke tayar da kwamfuta kafin Windows ta fara aiki, ko an kashe kariyar da ke tsaron tashin kwamfutar, ko an nemi shiga faifan ta hanyar da ba ta saba ba, sai guntun ya riƙe mabuɗin. Abin da za ka gani shi ne shuɗin fuska da dogon gurbi guda, tana neman lambobi 48, rukuni takwas kowanne lamba shida. A ƙasa akwai wata lambar shaida ta mabuɗin, wadda da ita ake nemo shi. A kwamfutar gida ana samun waɗannan lambobi a asusun Microsoft na mai ita. A ta makaranta suna can a rumbun makarantar, sai ma'aikacin sashen kwamfuta ne zai iya ciro su. Idan ba a samu ba, kuma kwamfutar ta ƙi komawa buɗewa yadda ta saba, fayilolin sun tafi ke nan. Babu mai gyaran da zai iya karya shi, kuma Microsoft da kansu sun ce ba za su iya sake ƙirƙiro mabuɗin da ya ɓata ba. Duk wanda ya ce maka yana da manhajar fasa BitLocker, riƙe kuɗinka.

A ce ka tsallake wannan, ka share komai, ko ma ka ɗora sabuwar Windows daga filas. Saura Autopilot. Shi ne tsarin Microsoft da ke gane na'ura ta hanyar tambarin kayan cikinta. Kana cikin saitin farko, ka zaɓi ƙasa da harshe da madannai, ka haɗa intanet, sai maimakon ta nemi asusunka ta nuna maka tambarin makarantar tana cewa ka shiga da imel ɗin ɗalibi. Daga nan Intune, wato manhajar da suke sarrafa na'urori daga nesa da ita, ta ci gaba da mayar da komai gurbinsa. Wasu makarantun suna ƙara kalmar sirri a BIOS don kada a iya tashin kwamfutar daga filas tun farko. Wasu kuma suna kunna Absolute, wanda a da ake kira Computrace, da ke zaune a cikin BIOS ɗin kansa, yana sake dasa kansa bayan kowace gogewa, yana kuma iya kulle na'urar ko ya nuna inda take.

MacBook ba sai na daɗe a kanta ba, labarin ɗaya ne da sunaye daban. Tun macOS Monterey na 2021 akwai "Erase All Content and Settings" a na'urori masu guntun Apple ko guntun T2. Idan lambarta tana cikin Apple School Manager, wato tsarin da Apple ke rajistar na'urorin makarantu da shi, bayan gogewa za ta tsaya a fuskar "Remote Management" da sunan makarantar. Ga kuma kullen kunnawa na Apple a gefe, wanda ke neman asusun da aka ɗaure ta da shi.

Na san intanet cike yake da bidiyoyin yadda za a kewaye duk waɗannan. Ba zan koya maka su ba, kuma ba don tsoron doka kaɗai ba. Yawancinsu sun dogara ne da wani rami a tsohon zubin manhaja wanda an riga an toshe, ko kuma su bar ka da kwamfutar da kullum kake fargabar ranar da za ta tuna ta wa ce. Wasu sai an buɗe cikin na'urar, wasu kuwa fayil ɗin da ake ce ka sauko da shi shi ne cutar. Garin neman gira sai a rasa ido. Sannan masu kula suna ganin lokacin da na'ura ta yi magana da rumbu na ƙarshe da wanda ya shiga cikinta, kuma suna iya kulle ta daga inda suke, ta koma ba ta nuna komai sai saƙon a mayar da ita.

Wannan ya kai mu ga tambayar da ta fi ta fomatin muhimmanci, wadda ba ka taɓo ba: kwamfutar ta wa ce yanzu? Kasancewarta a gida bayan kammalawa bai mayar da ita taku ba. Makarantu da yawa aro suke bayarwa, akwai takardar yarjejeniya da iyaye ko ɗalibi suka sa wa hannu ranar karɓa, kuma galibi tana hana gogewa ko sauya manhaja, tana kuma ɗora wa iyaye biyan abin da ya lalace ko ya ɓata. Wasu kuwa suna barin wa ɗalibi idan ya gama, ko su sayar masa. Nemo takardar ka karanta. In ba a gan ta ba, a kira makarantar a tambaya kai tsaye.

Idan ta aro ce, kada ka goge ta da kanka sai sun ce ka goge. Su ma za su share ta kafin su ba wani ɗalibi, da danna ɗaya daga wurinsu. Aikinku shi ne kwashe abin da yake naku. Wannan aikin ya zama dole ko mayarwa za a yi ko riƙewa, kuma da gaggawa, domin makarantu sukan rufe asusun ɗaliban da suka gama, kuma ranar da aka rufe, Drive ko OneDrive ɗin yarinyar ya rufu da duk abin da ke ciki. Ku zauna tare da filas ko faifan waje, ku kwafe foldar saukarwa da ta takardu da ta hotuna da abin da ke kan fuskar kwamfutar. Abin da ke Google Drive ana iya sauko da shi ta Google Takeout idan makarantar ba ta rufe hanyar ba; in ta rufe, a sauko da foldojin ɗaya bayan ɗaya. Bayan kwafewa, ku jona filas ɗin a wata kwamfuta ku buɗe fayil biyu uku ku tabbatar suna buɗewa, ba a kan zato ake gogewa ba.

Akwai abin da kusan kowa ke mantawa. Ka tambayi yarinyar, a ina da ina ta yi amfani da imel ɗin makaranta wajen yin rajista? Neman gurbin karatu na gaba, tallafin karatu, shafukan sada zumunta, ko ma a matsayin imel ɗin dawo da kalmar sirri na Gmail ɗinta. Duk waɗannan a canza su zuwa imel ɗin kanta tun asusun yana aiki, domin saƙon tabbatarwa can zai je. Sannan ta goge kalmomin sirrin da burauza ya adana, ta fita daga asusunta na kanta, ta shiga WhatsApp a wayarta ta cire kwamfutar daga jerin na'urorin da aka haɗa. In MacBook ce kuma ta saka asusun Apple nata, ta kashe Find My, wato tsarin Apple na neman na'urar da ta ɓata, ta fita, in ba haka ba makarantar ce za ta zo tana nemanku don na'urar ta kulle a kan sunan yarinyar.

Idan kuwa ta tabbata taku ce, to abin da za ka nema daga sashen kwamfuta na makarantar a fili yake, kuma ba ya ɗaukar su lokaci. Ka je da na'urar, ko ka aika musu lambar siriyal da ke manne a ƙasanta. Idan Chromebook ce, ka ce a cire ta daga rajista a shafin Google Admin. Kalmar da suke gani a wurin ita ce "Deprovision", ka faɗe ta haka za su gane nan take. Idan Windows ce, a goge ta daga Intune, a cire ta daga jerin Autopilot, a cire kalmar sirrin BIOS, a kashe Absolute in suna amfani da shi. Idan MacBook ce, a sake ta daga Apple School Manager da manhajar da suke sarrafa ta da ita, a cire kullen kunnawa. Ka kuma karɓi takarda ko imel mai ɗauke da lambar siriyal da ke cewa makaranta ta miƙa maka. Ma'aikata suna canzawa, kuma ranar da za ka so sayar da ita mai saye zai so ya ga shaida. Bayan sun saki, sai ka yi fomatin ɗin da ka tambaya, a lokacin ne zai yi abin da aka faɗa maka: Powerwash a Chromebook, ko zaɓin share komai a Windows. Ka jona caja kafin ka fara, kada ka kashe ta ko da ka ga lissafin ya tsaya a wuri ɗaya na tsawon lokaci.

Kada ka sa rai da yawa game da nauyin. Gogewa tana taimakawa idan ma'ajiya ce ta cika ko manhajojin sa ido ne suka yi yawa. Amma kwamfutocin da ake saya don ɗalibai sau da yawa ƙanana ne, ƙwaƙwalwar aiki gigabait 4, ma'ajiya gigabait 32 ko 64, kuma fomatin ba ya ƙara musu ko ɗaya. Ka duba shekarunta ma. Microsoft sun daina tallafin Windows 10 na yau da kullum ranar 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuma tana neman TPM 2.0 da injin da bai tsufa sosai ba, a Intel galibi zubi na takwas zuwa sama. Kowace Chromebook tana da ranar da sabuntawa zai ƙare mata. A 2023 Google sun sanar da ƙara wa'adin zuwa shekara 10 daga fitowar samfurin, kuma za ka ga ranar taku a saituna, ƙarƙashin bayanin ChromeOS. Lasisi ma yana iya bin makarantar ya tafi. Word da Excel da ke ciki galibi da asusun ɗalibi suke aiki. Windows ɗin kanta, idan zubin makarantu ce da ke sabunta lasisi daga sabar makarantar, wato babbar kwamfutar da ke kula da sauran, sai ta ji daga sabar aƙalla sau ɗaya cikin kwana 180, in ba haka ba ta fara ƙorafin ba a kunna ta ba. Yawancin na'urori suna da lasisin kamfani a binne a BIOS, kuma sabuwar Windows takan ɗauko shi da kanta, amma ka tambaye su tun kana wurin.

Gwajin da zai tabbatar maka an saki na'urar guda ɗaya ne, kuma shi ne nake ba duk mai sayen tsohuwar laftof shawarar ya yi kafin ya biya: a goge, a haɗa ta da intanet tun a saitin farko, a bi har ƙarshe. Idan ta karɓi asusunka na kanka ba tare da ambaton kowace makaranta ba, ta kuɓuta. Kada ka yarda da gwajin da aka yi babu intanet, domin ba ta samu damar tambayar rumbu ba. Idan sun ce sun cire amma tambarin makarantar ya sake fitowa a Windows, yawanci daga Intune kaɗai aka goge ta aka bar ta a jerin Autopilot, wurare biyu ne daban. Ka koma musu da lambar siriyal ka ce su duba jerin na biyu, ka ba canjin ɗan lokaci ya bi rumbun, sannan ka sake gogewa ka gwada.